Wai da gaske akantoci duk halinsu ɗaya ne?

Ummi_Zee:
Assalamu alaikum 'yan gida. Ina da tambaya, kuma don Allah akantocin da ke zauren nan kada ku ɗauka da zafi. Me ya sa da an ce "akanta" hoto ɗaya ke faɗo wa mutane a rai? Namiji, da tabarau, sanƙo ya fara cin gaban kai, farar riga mai dogon hannu da biro biyu a aljihu, ba ya dariya, ba ya kyauta, in ka gaishe shi ya amsa kamar ka zo bin sa bashi. Fannin da nake son karantawa a jami'a ke nan, amma duk wanda na gaya wa sai ya ce, "Ke da surutun nan naki da son kwalliya? Ba layinki ba ne." Shin aikin ne ke mayar da mutum haka, ko masu irin halin ne ke tururuwa zuwa aikin, ko kuwa duk sharri ne ake yi musu?

Sarkin_Musu:
Wa alaikumus salam. Babu wani sharri, ƙanwata. Duk inda na yi aiki haka akantan wurin yake. Ka kai masa takarda ya juya ta gaba da baya, ya kalle ka ta saman tabarau, ya ce "Ina rasit?" Ka kawo rasit ya ce babu hatimi. Ka sa a buga hatimi ya ce kwanan watan bai dace da na bauca ba. Kuɗin nan fa ba na gidansu ba ne.

Maman_Hanif:
Ku matsa ku ba matar akanta wuri 😂 Tabarau akwai. Sanƙo ya fara leƙowa. Waɗannan ban musa ba. Amma rowa kam a'a. Abin da Baban Hanif yake da shi, ba ya mantuwa. In ya ce ya ba ka kyauta, ya ba ka har zuciya, ba za ka sake jin zancen ba. In kuwa kai ka ce rance ne, to rance ne, zai rubuta, kuma ranar da ka ɗauki alkawari zai tuna maka. Mutane sun fi son mai ba da rance ya manta, shi ya sa suke kiran mai tunawa marowaci.

Bakin_Ganga:
Hajiya Maman Hanif, a gaya mana gaskiya, in ya ba ki kuɗin gida yana tambayar rasit ko ba ya tambaya?

Maman_Hanif:
@Bakin_Ganga ya taɓa gwadawa farkon aurenmu. Bai sake ba.

Tsohon_Odita:
Salamu alaikum. Na yi wannan aiki har na yi ritaya, bari in ɗan ce wani abu, musamman ga Sarkin_Musu.

Rasit ɗin da akanta ke tambayar ka ba don kansa yake tambaya ba. Akwai wani da zai zo bayan wata shida ko shekara, wanda bai san ka ba, bai san cewa kai mutumin kirki ba ne, ya zaro baucar nan daga cikin fayil ya tambayi akanta hujjar fitar da kuɗin. A ranar kai kana gida kana barci. Shi ne zai tsaya ya yi bayani, sa hannunsa ne a jiki. Don haka in ya kalle ka ta saman tabarau, ba kai yake gani ba, odita, wato mai binciken littattafan kuɗi, yake hange a bayanka.

Sannan tsarin aikin da kansa an gina shi ne a kan rashin yarda. A wurin da aka tsara da kyau, wanda ya amince a biya daban, wanda ya fitar da kuɗin daban, wanda ya shigar a littafi daban. Ba don ana zargin kowa da sata ba, sai don kada sata ta zo da sauƙi ga wanda zuciyarsa ta raya masa. Akwai kuma tsohuwar ƙa'idar taka-tsantsan: asarar da ake hange a rubuta ta tun yanzu, ribar da ake sa rai a jira sai ta tabbata. Yanzu ka ɗauki mutumin da aka horar da shi haka ka zaunar da shi a taro ɗaya da mutanen sashen talla, waɗanda abincinsu shi ne nuna cewa komai zai yi kyau. Suna cewa za mu sayar da kaza, shi yana cewa kuɗin wancan da muka sayar ma har yau ba a biya mu ba. Wa za a ce ya ɓata taro?

Batun shiru kuwa, dokar ɗa'a ta akantoci ta duniya ta tsaya kan ginshiƙai biyar, kuma riƙe sirri ɗaya ne daga ciki. Akanta ya san albashin kowa. Ya san wanda ya ci albashinsa tun kafin wata ya yi, ya san wanda kotu ta sa a riƙa cire wa kuɗi, ya san cewa kamfani na gab da rage ma'aikata tun kafin a sanar. Wanda ke ɗauke da wannan a ciki, in yana da hankali, ba zai zauna a majalisar hira ta ofis yana sakin baki ba.

Ƙarshe, ku tambayi kanku yaushe kuke zuwa wurinsa. Ƙarshen wata. Daidai lokacin da yake rufe littafi, yana haɗa albashi, yana daidaita lissafinsa da na banki. Ku je ranar goma ga wata ku ga ko ba zai yi muku murmushi ba.

Sarkin_Musu:
Baba, Allah ya ƙara girma, na ji bayaninka, amma da sauran rina a kaba. Likita ma yana riƙe sirri, har wanda ya fi na albashi nauyi, kuma yana fara'a. Sannan wannan akantan da ya mayar da ni sau ba adadi a kan hatimi, da idona na ga ya biya na oga ba rasit ba bauca, har yana "ranka ya daɗe". To ina odita ɗin da yake hange a lokacin? Wasunsu dokar sanda ce kawai da suke dukan na ƙasa da ita.

Tsohon_Odita:
Wannan da ka faɗa yana faruwa, ɗana, kuma ba taka-tsantsan ba ne, tsoro ne da neman gindin zama. Amma ka lura, ba ɗaure fuskarsa ce matsalar ba. Da ya ɗaure wa oga ita yadda ya ɗaure maka, da ba ka da ƙara.

Yar_Kwalisa:
@Ummi_Zee zo nan ƙanwata, kada su tsorata ki. Ni akanta ce, ina sa jan baki, ina sa takalmi mai tsini, kuma a ofishinmu ni ake roƙo in yi shiru. Wanda ya ce miki aikin nan ba ya son mai magana bai san aikin ba. Lambobi kwamfuta ke haɗawa. Abin da ya rage mana shi ne kiran wanda ake bi bashi a lallaɓa shi ya biya ba tare da an rasa shi ba, zama da manaja a fahimtar da shi dalilin da ya sa takarda ta nuna riba amma asusu babu kuɗi, da gaya wa mai kamfani abin da ba ya son ji ta yadda gobe ma zai sake tambayar ki. Mai jin nauyin baki yana shan wahala a nan sosai.

Zancen cewa akanta namiji ne ma tsohon labari ne. Gaskiya ne an daɗe ana rufe wa mata ƙofa. A Ingila, Mary Harris Smith ta shafe shekaru tana neman shiga ƙungiyar ƙwararrun akantoci ana ƙin karɓar ta don kawai ita mace ce. Sai da majalisa ta yi dokar hana irin wannan wariya a 1919, sannan aka karɓe ta a 1920, tana da shekara sama da 70. Amma yau a Amurka fiye da rabin akantoci da oditoci mata ne. Hoton da ke kan mutane ne bai motsa ba.

Bakin_Ganga:
Anti Kwalisa, fiye da rabi a ƙasa, amma in aka hau sama wurin manyan masu hannun jari a kamfanonin odit ɗin nan, maza ne suka cika kujerun. Wataƙila shi ya sa hoton bai canza ba, don wanda ake gani yana sa hannu a rahoton shekara shi ake ɗauka akanta.

Yar_Kwalisa:
Wannan kam ban da ta cewa. Haka ne.

Dan_Boko22:
Abin dariyar shi ne wanda ya ƙirƙiro aikin ma ba miskili ba ne. Luca Pacioli, mutumin Italiya, shi ya ƙirƙiro tsarin shigarwa biyu, wato rubuta kowane ciniki sau biyu, a hagu da dama na littafi, a 1494, kuma abokin Leonardo da Vinci ne.

Malam_Tarihi:
@Dan_Boko22 ɗan gyara kaɗan, ɗan'uwa. Pacioli bai ƙirƙiro shi ba. 'Yan kasuwar biranen Italiya sun daɗe suna aiki da shi kafin a haife shi, akwai littattafan baitulmalin birnin Genoa na 1340 da aka rubuta da wannan tsari. Abin da ya yi shi ne bayyana shi dalla-dalla a cikin babban littafinsa na lissafi da aka buga a Venice a 1494, kuma da yake injin ɗab'i ya riga ya zo, sai bayanin ya yaɗu. Amma abotarsa da Leonardo gaskiya ce. Sun haɗu a Milan, Leonardo ne ya zana masa siffofin da ke cikin wani littafinsa da aka buga a 1509. Pacioli ya kuma yi rubutu a kan wasan dara na ces da kan wasannin wasa ƙwaƙwalwa da dabo da lambobi. Ga shi limamin coci. Ba mutumin da za a ce ba ya da daɗin zama ba ne.

In muka koma baya sosai ma, allunan yumɓu mafi daɗewa da aka tono a Uruk, a Iraƙi ta yau, na wajen shekara 3200 kafin Miladiyya, yawancinsu ba waƙa ba ce ba kuma tarihin sarakuna ba. Lissafin hatsi ne da dabbobi da rabon ma'aikata. Masu ajiye lissafi na cikin waɗanda suka fara rubutu a duniya.

Hoton da Ummi ta zana kuwa ya fi kama da magatakardan ofisoshin Turai da Amurka na ƙarshen ƙarni na 19 zuwa tsakiyar na 20. Mutum yana duƙe a kan ƙaton littafi tun safe har dare, yana haɗa dogayen layukan lambobi da hannu, da wata 'yar koriyar inuwa ɗaure a goshi don kare ido daga hasken fitila, da roba a damtse tana riƙe hannun riga kada tawada ta ɓata shi. Wannan aikin ya tafi. Masu zanen barkwanci da masu shirya fim ne suka ƙi sakin sa, don yana da sauƙin ganewa: da an sa wa mutum tabarau an miƙa masa kalkuleta, mai kallo ya san ko wane ne.

Abu_Safwan:
Masha Allah, Malam. Ni kuma duk lokacin da aka yi zancen kamannin akanta, Annabi Yusuf alaihis salam ke zuwa mini. Shi ne ya ce wa sarkin Masar a ɗora shi a kan taskokin ƙasa domin shi mai tsarewa ne, masani. Kuma kowa ya san abin da aka faɗa game da kyawunsa. To wa ya ce mai riƙon taska sai mummuna mai ɗaure fuska? Sannan aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi, ƙarami ne ko babba, a kafa shaidu. Abin da Baban Hanif ke yi ke nan ake ce masa rowa.

Maman_Hanif:
Allah ya saka da alheri, Malam Abu Safwan. Yau zan karanta masa wannan, kansa zai ƙara girma.

Malama_Halayya:
Ina so in ja ku baya kaɗan, don kowa ya tsaya kan ɓangare ɗaya na tambayar. Ummi ta tambaya ko masu wani irin hali ne ke zaɓen aikin, kuma ni ina ganin da gaskiya a nan, bai kamata a share ba don a faranta wa akantoci. Wani masanin halayyar ɗan Adam Ba'amurke, John Holland, ya kasa sha'awar mutane ta aiki gida shida, kuma har yau masu ba ɗalibai shawarar sana'a suna amfani da kason nasa. Ɗaya daga cikin gidajen shi ne na masu son tsari, ƙa'ida bayyananniya, da aikin da ake iya tantance daidai da kuskurensa. A nan ake sa akanta. Wanda ba ya jure maimaici, wanda ke jin ƙa'ida ta shaƙe shi, yawanci ba ya daɗewa a aikin, ko jarrabawar ƙwarewa ta kore shi tun farko.

Inda mutane ke kuskure shi ne haɗa son tsari da rashin son mutane. Abu biyu ne mabambanta. Ana samun mai surutu mai tsari, ana samun shiru-shiru wanda teburinsa ko shi bai san inda komai yake ba.

Injiniya_Sabo:
Ni abin da ke ba ni dariya shi ne yadda ake ɗauka gwanayen lissafi ne. Da an fita tare za a raba kuɗi sai a ce "ga akanta nan, ya yi mana". Abokina akanta sai ya zaro waya. Lissafinsu bai wuce tarawa, ɗebewa, da kaso cikin ɗari ba. Mu da muka sha wuya da lissafin injiniya ba wanda ke kallon mu.

Kalkuleta:
@Injiniya_Sabo ba mu taɓa cewa mun fi ku ba, yallaɓai 😄 Namu ba zurfin lissafi ba ne, sanin inda lamba ta dace ta zauna ne, da shinshino inda ta ɓata. Misali, in hagu da dama na littafi suka ƙi daidaita, abin da tsohon hannu zai fara yi shi ne raba bambancin da 9. In ya rabu ba saura, mai yiwuwa wani ya juya lambobi ne, ya rubuta 270 a maimakon 720. Bambancin 450 ne, 9 sau 50. In bai rabu ba sai ya raba shi biyu ya nemi wannan adadin, don in an shigar da abu a ɓangaren da ba nasa ba, bambancin kan zama ninki biyu na kuɗin. Masu binciken zamba kuma suna da wata dabara da ake kira dokar Benford: a cikin tarin lambobi na gaskiya, irin na sayayya da biyan kuɗi, wajen kashi 30 cikin ɗari suna farawa ne da 1, waɗanda ke farawa da 9 ba su kai kashi 5 ba. Mai ƙirƙirar lambobin ƙarya daga kansa yakan baza su daidai-wa-daida, a nan ake fara zargin sa.

Mutane na ganin mun zauna har dare a kan ɗan bambancin da bai taka kara ya karya ba, suna cewa ƙwauro ne. Ba kuɗin muke bi ba. Ƙaramin bambanci na iya zama manyan kurakurai biyu da suka kusa cinye juna.

Sarkin_Musu:
Kun ga abin da nake faɗa? An tambaye shi hali, ya kawo mana darasin raba lamba da tara.

Kalkuleta:
🤣 Na karɓa.

Gaskiya_Daci:
Duk kun tsaya kan tabarau da rowa, kun bar babban hoton. Mutane da yawa ba miskili suke ɗaukar akanta ba, ɓarawo mai biro suke ɗaukar sa. Da an ji wance za ta auri akanta sai a ce ta huta. Me ya sa? Ai ba don albashinsa ba. Kuma ba a banza zargin ya taso ba. Enron, katafaren kamfanin makamashi na Amurka, ya rushe a 2001, kamfanin da ke yi masa odit, Arthur Andersen, ma'aikatansa suka yi ta yayyaga takardu. Ɗaya ne daga manyan kamfanonin odit biyar na duniya, da ma'aikata wajen 85,000, daga nan ya mutu, shi ya sa yau ake cewa manya huɗu: Deloitte, PwC, EY da KPMG. A 2020 kuma Wirecard, kamfanin hada-hadar biyan kuɗi na Jamus, ya fito ya ce Yuro biliyan 1.9 da ke cikin lissafinsa mai yiwuwa babu su sam, bayan shekaru ana sa wa littattafansa hannu. Ina taka-tsantsan ɗin da Baba ke faɗa?

Yar_Kwalisa:
@Gaskiya_Daci to wa ya tona zambar WorldCom, kamfanin sadarwa na Amurka? Cynthia Cooper, shugabar sashen odit na cikin gida. Ita da 'yan tawagarta suka riƙa aiki da dare a ɓoye, har suka gano dala biliyan 3.8 na kuɗin gudanarwa da aka rubuta a matsayin jari don riba ta kumbura. Babban jami'in kuɗi na kamfanin ya nemi ta jinkirta binciken, ta ƙi, ta kai wa kwamitin odit. A Enron ma Sherron Watkins, wadda ita ma akanta ce, ita ta rubuta wa shugaban kamfanin gargaɗi tun kafin rushewar. Mujallar Time ta sa su cikin gwarazanta na shekarar 2002. Kuma ka lura duk mata ne.

Gaskiya_Daci:
Na sani, Anti. Amma wanda ya shirya zambar WorldCom ɗin, Scott Sullivan, shi ma akanta ne, har ya yi zaman kurkuku. Akanta ya dafa, akanta ya tona.

Dan_Boko22:
Ƙarin bayani kan Andersen: a 2005 Kotun Ƙolin Amurka ta soke hukuncin da aka yi masa kan yayyaga takardun nan. Sai dai kafin nan kwastomomi sun watse, babu abin da ya rage a ceto.

Malam_Tarihi:
Tun da an shiga wannan, a tuna da Al Capone. Duk kashe-kashen da ake danganta masa a Chicago, ba da su aka ɗaure shi ba. Laifin ƙin biyan haraji ne, a 1931, shekara 11. Wanda ya yi aikin, Frank Wilson na hukumar haraji, ya daɗe yana tonon tarin takardun da aka ƙwace har ya faɗa kan littafin lissafin wani gidan caca, ya bi rubutun hannun da ke ciki ya gano magatakardan da ya rubuta. Shi kam in ka ga hotonsa, tabarau da sanƙo duk akwai. Daga baya shi ya shugabanci hukumar da ke tsaron shugaban Amurka.

Bakin_Ganga:
Malam ka taimaki Sarkin_Musu da wannan sanƙon 😂

Fan_Zone:
Ku bar zancen zamba haka. Phil Knight da ya kafa Nike ƙwararren akanta ne, har ya koyar da darasin a jami'a a Portland. Kenny G mai busa saksofon digirinsa na akanta ne daga Jami'ar Washington. Waɗannan ne miskilan?

Sarkin_Musu:
Ka kawo mini hujja da kanka. Ɗaya ya koma sayar da takalmi, ɗaya ya koma busa. Duk mai jini a jika da ya shiga aikin, gudu yake yi. Kawo mini wanda ya shahara yana zaune a kan kujerar akanta.

Kalkuleta:
Akanta ba ya shahara sai abu ya lalace, matsalar ke nan. Sama da shekara 80 PwC na ƙirga ƙuri'un kyautar Oscar ba wanda ya damu da sanin fuskokinsu. Dare ɗaya a 2017 aka miƙa ambulan da ba shi ba, aka sanar da fim ɗin da bai ci ba, washegari duniya duka ta san sunan akantan. In ka yi daidai shekara da shekaru ba labari ba ne.

Injiniya_Sabo:
Ni tambayata ma, nan da shekara goma akwai aikin? Da ƙirƙirarriyar basirar nan da ke karanta rasit ta shigar da kanta, me ya rage?

Tsohon_Odita:
An yi wannan tsoron a baya, Injiniya. Da manhajar lissafi ta kwamfuta VisiCalc ta fito a 1979, sannan Excel a 1985, aikin da mutum ke kwana yana yi da fensir da magogi ya koma na minti kaɗan. Masu haɗa lambobi da hannu sun ragu ƙwarai, amma akantoci ba su ƙare ba, don da lissafi ya yi arha sai manajoji suka ƙara yawan tambayoyi. Na'ura za ta shigar da rasit. Ba za ta tsaya gaban hukumar haraji ko kotu ta ce ni na sa hannu ba.

Admin_Zaure:
Jama'a a dawo kan tambaya, batun na'ura a buɗe masa nasa zaren. Ba a ce komai sosai kan shiga da kamanni ba.

Hajiya_Bilki:
To bari in ce wani abu a kan shigar. Ni ba akanta ba ce, ina da ɗan kamfani, ni ke ɗaukar su aiki. Kuma in faɗa muku gaskiya, laifin namu ne mu masu ɗauka. In mutum biyu suka zo, takardunsu ɗaya, ɗaya da agogo mai walƙiya da turare mai tashin kai, ɗaya da shiga mai sanyi, zuciyata na karkata ga na biyun. Na san ba hujja ba ce, amma wanda zan miƙa wa asusuna ba na son in ga alamar yana son kashe kuɗi. Su ma sun san haka muke, sai suke shigar da muke so. Kwat mai duhu da laktaye ba halinsu ba ne, kayan aiki ne.

Yar_Kwalisa:
Hajiya, ke nan da na zo wurinki da jan bakina ba za ki ɗauke ni ba? 😭

Hajiya_Bilki:
Zan ɗauke ki 'yata, amma sai na ƙara miki tambaya biyu 😄

Gaskiya_Daci:
Hajiya, da girmamawa, wannan ma'aunin naki shi ɓarayi suka fi so. Masu binciken zamba sun sha faɗa cewa wanda ya fi daɗewa yana ɗiba ba a gane ba shi ne amintaccen nan mai sanyin hali, wanda ke riga kowa zuwa, ya zama na ƙarshe wajen tashi, kuma ba ya taɓa yarda ya tafi hutu. Ana yaba masa ƙwazo, alhali tsoron kada wani ya zauna a kujerarsa ya buɗe littafin yake. Shi ya sa bankuna da yawa ke tilasta wa ma'aikata hutu a jere. Ki bar kallon agogo, ki duba wanda ya ƙi hutu.

Hajiya_Bilki:
Innalillahi. Ka sa ni tunani yanzu.

Ummi_Zee:
Na gode ƙwarai, iyaye da yayye, ina ta karantawa. Wata tambayar ta taso mini daga maganar Gaskiya_Daci. In kamfani ne ke biyan oditan da ke bincikar sa, ta yaya odita zai ɗaure masa fuska?

Tsohon_Odita:
Kin taɓo inda ke ciwo, 'yata. Har yau ana muhawara a kai. Bayan Enron, Amurka ta yi dokar Sarbanes-Oxley a 2002, ta hana kamfanin odit sayar wa wanda yake bincika wasu ayyukan shawara, ta kuma ce a riƙa sauya babban jami'in da ke jagorantar binciken duk shekara biyar. Tarayyar Turai ta wuce nan, tun 2016 manyan kamfanoni sai sun sauya kamfanin odit ɗin gaba ɗaya bayan shekara goma, ko da yake akwai hanyoyin ƙara wa'adin. Dalilin duk ɗaya ne, sabo. Dokar ɗa'armu ta ambaci sabo da sunansa a cikin abubuwan da ke barazana ga adalcin odita. In ka daɗe da mutane, ka san 'ya'yansu, kun yi dariya tare, ranar da ka ga abin tambaya bakinka zai yi nauyi. Don haka ɗan nesa-nesan da kuke gani, wani ɓangarensa da gangan ake koyar da shi.

Malama_Halayya:
Baba, a nan zan saɓa maka kaɗan. Nesa da rashin fara'a ba ɗaya ba ne. Ƙaramin ma'aikacin da ya ga wani abu ba daidai ba, wa zai je ya raɗa wa? Wanda ke amsa gaisuwarsa, ko wanda yake jin tsoron ƙofar ofishinsa? Zamba da yawa ta bakin ma'aikata ake fara jin ta, ba daga littafi ba. Oditan da kowa ke gudu ya toshe wa kansa kunne.

Sarkin_Musu:
Yawwa Malama. Ni da kaina akwai abin da na gani a wurin aikinmu na dā, da akantan yana da sakin fuska da na gaya masa.

Kalkuleta:
@Sarkin_Musu akantan da ka ce yana biyan oga ba rasit? Shi za ka kai wa ƙara? Ai gara da ya ɗaure maka fuskar.